Abin da ya kamata a saya idan ƙwayar cutar kwamfuta ta ƙi barin gida

Magidanci a Garwa ya kai kwamfutarsa wurin mai gyara, an goge ta tas, an zuba mata Windows sabo, amma kafin mako ya zagayo sai ga takardun da ke cikin filash sun sake ɓacewa, an bar wasu alamomi masu 'yar kibiya a madadinsu. Sau da yawa laifin ba na mai gyara ba ne, domin cutar ta kwana ne a filashin da yara ke kai wa shagon buga takardu, ko a tsohuwar kwamfutar ɗaki, wata irin cutar kuma takan kwana a cikin rautar da ke raba wa gidan intanet. Kafin a fitar da ko sefa ɗaya, sai an san inda take kwana.

Abin da aka fi tallata wa mutum shi ne lasisin manhajar riga-kafi, irin su Kaspersky da ESET da Bitdefender. Suna aiki, kuma mai kwamfuta uku ko huɗu zai fi samun sauƙi idan ya sayi lasisi guda na na'urori da yawa. Sai dai Windows 10 da 11 suna zuwa da Microsoft Defender kyauta, kuma ya wadatar da yawancin gidaje muddin ana barin sa yana sabunta kansa, abin da mutane da dama ke kashewa don tattalin data. Manhajar riga-kafin da aka fasa lasisinta ake zubawa a kasuwa kuwa, a ganina gara babu da ita, tun da ta nan ma cutar ke shigowa.

Rauta ce aka fi mantawa da ita, alhali riga-kafin kwamfuta ba ya iya goge cutar da ke cikinta. A 2016 wata cuta mai suna Mirai ta mamaye rautoci da kamarorin tsaro ta hanyar gwada kalmomin sirrin da aka fito da su daga masana'anta, sannan a 2018 aka gano wata mai suna VPNFilter ta kama rautoci kimanin 500,000 a ƙasashe 54, kuma wani ɓangarenta ba ya mutuwa ko an kashe na'urar an kunna. Idan kamfanin da ya ƙera rautar yana ci gaba da fitar mata da sabuntawa, ba sai an sayi wata ba: a danna ɗan maɓallin da ke cikin rami a bayanta da tsinke har ta koma yadda aka ƙera ta, a sabunta ta, a sauya kalmar sirrin shiga saitinta. Idan kuwa kamfanin ya daina kula da ita, sayen sabuwa ne inda kuɗi ya fi cancantar zuwa. A nemi wadda ke da layin baƙi daban, saboda a ɗora wayoyin maƙwabta da akwatin talabijin a kansa, nesa da kwamfutar aiki.

Akwatin talabijin na Android mai araha, wanda ba a san maƙerinsa ba, yana bukatar taka-tsantsan. Hukumar FBI ta Amurka ta yi gargaɗi a 2025 game da BadBox 2.0, cutar da wasu akwatunan ke fitowa da ita tun kafin a sayar da su, kuma irin wannan maganinsa a cire shi daga layin gidan.

Mai shirin sayen kwamfuta ta hannu a Marwa ko Ngaundere ya tambaya ko tana ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ta daina tallafa wa Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. Ranar gogewa kuma a tattara dukkan kwamfutoci da filashin gidan a tsabtace su a zama ɗaya, kada a mayar da ko guda kan layi sai an gama da rauta.