Wa ke da ikon cewa yaro ba ya ganewa? Saƙo daga Meriland zuwa Gombe

Yaya, ina gaishe ki da fatan kuna lafiya, ke da yara da Hajiya. Ya fama da 'yan makaranta? Kin ce in ba ki labarin yadda ake yi a nan Amurka da yaron da karatu ya ƙi shiga kansa, tunda kullum kina kokawa da irinsu a aji huɗu da biyar. To a makarantun gwamnatin nan, ba kowa aka yarda ya buɗe baki ya yanke wa ƙwaƙwalwar yaro hukunci ba, ko da hedimasta ne. Akwai mai wannan aikin, masanin halayyar ɗan Adam na makaranta, kuma ba ya taɓa shi sai da lasisi.

Kowace jiha ita ke ba da nata lasisin. A nan Meriland, kamar yawancin jihohi, ma'aikatar ilimi ce ke bayarwa. A Teksas kuwa hukumar masana halayya ce. Sharuɗɗan dai sun yi kama da juna, don kusan duk suna bin ma'aunin ƙungiyarsu ta ƙasa, NASP, wadda aka kafa a 1969. Bayan digirin farko mutum zai ƙara kamar shekara uku, ya tara kiredit 60. Shekarar ƙarshe ta horon aiki ce, awa 1,200, aƙalla 600 a cikin makaranta, wani ƙwararre na bin sawunsa yana duba rahotanninsa. Sai jarrabawar Praxis, sai a ɗauki zanen yatsunsa a bincika ko yana da tabon laifi. Wanda ya karɓi takardar shaidar ƙungiyar kuma, duk shekara uku sai ya nuna ya yi ƙarin horo na awa 75 kafin a sabunta masa. Duk da wannan wahala, lasisin na cikin makaranta ne. Bai ba shi damar rubuta magani ba, kuma a yawancin jihohi bai ba shi damar buɗe ofis a gari yana karɓar kuɗi ba.

Na ga aikin da idona a kan autata, da malamarta ta lura tana juya haruffa, tana kuka in an ce ta karanta a gaban aji. Ba su taɓa ta ba sai da na sa hannu a takarda. Daga nan doka ta ba su kwana 60 su gama bincike, kuma ko sisi ban biya ba. Dokar ta samo asali tun 1975, yanzu ana kiranta IDEA, dokar ilimin yara masu naƙasa. Aka fara da gwajin ido da kunne. Masaniyar halayyar, wata mata ce, ta shiga ajin ta zauna can baya da littafinta, tana kallon yadda yarinyar ke riƙe fensir da lokacin da hankalinta ke tafiya. Wata rana ta ɗauke ta zuwa ɗan ofishinta, ta zube mata 'yan dunƙulen katako masu ja da fari ta ce ta haɗa su su yi daidai da zanen da ke kan kati, sannan ta karanto lambobi ta ce ta maimaita su daga ƙarshe zuwa farko. Ni ma ta zaunar da ni: wane harshe muke yi a gida, a wata nawa ta fara magana, ya barcinta? Da na ce Hausa muke yi, ta rubuta, ta ce doka ta hana a ce yaro yana da naƙasar koyo alhali Turanci ne bai gama kama bakinsa ba. Wannan maganar ta shige ni, Yaya, don na tuna yaran Fulani da Tera da Tangale da ake tarawa aji ɗaya a wurinmu, a yi ta yi musu Turanci, wanda ya yi shiru a ce daƙiƙi ne.

Su ma Amurkawan suna da tasu matsalar. NASP ta ce a samu masani ɗaya ga ɗalibai 500, amma a faɗin ƙasar lissafin ya haura dubu. Wadda ta duba 'yata ba makarantarmu kaɗai take riƙe da ita ba, ranaku gare ta, kuma yawancin lokacinta gwaji da rubuta rahoto ke cinyewa. Karatun ma da tsada, shi ya sa masu shiga ba su da yawa.

Mu ma a Najeriya ba a ce ba mu da komai a takarda ba. Tsarin ilimi na ƙasa tun 1977 ya yi maganar malamin ba da shawara, a 2022 aka sa hannu a dokar kafa majalisar masu sana'ar ba da shawara, a Janairun 2023 kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Amma ke kin fi ni sanin yadda ake naɗa malamin ba da shawara na G&C a makarantu da yawa: wanda jadawalinsa bai cika ba shi ake miƙa wa makullin ofishin. Yaron da ya kasa kuwa bulala ce, sai maimaita aji, ƙarshe uba ya gaji ya kai shi gareji.

Ban ce Gombe ta jira sai ta samu masu awa 1,200 ba, wannan ya yi nisa. Abin da nake ganin za a iya shi ne hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ta ce ba mai riƙe wannan ofis sai wanda ya karanci fannin kuma yake da rajista, ko da mutum ɗaya ne zai riƙa zagaya makarantun unguwa guda. Ga jami'ar jiha, ga ta Kashere, ga kwalejojin ilimi, masu koyarwa ba za su gagara ba.

Ke kuma kafin nan, yaran nan da kika ce suna zama shiru a bayan aji, ki sa iyayensu su kai su a duba idanunsu da kunnuwansu, ki kuma tambayi kowannensu harshen da ake yi a gidansu. Zan turo miki hoton takardar tambayoyin da aka ba ni ta WhatsApp, ki ga waɗanda za su yi miki amfani. A gaida Hajiya da kyau.