Wane Littafin Sautin Haruffa Ya Dace da Ajin Farko?

Shugaban makaranta ko mai makarantar kuɗi da ya shiga kantin littattafai don neman abin da zai koyar da 'yan aji ɗaya karatu, zai tarar da littattafai barkatai da ke iƙirarin koyar da sautin haruffa, amma kaɗan ne daga cikinsu suke cika sharaɗin da ya fi muhimmanci. Sharaɗin shi ne kada nassin da aka ba yaro ya ƙunshi harafin da ba a koya masa ba tukuna. Idan ɗalibi ya san a, n, m da k kaɗai, jimla irin "Nana na nan, Mama na nan, Kaka ma na nan" ita ce daidai da shi, domin zai haɗa baƙi da wasali da kansa har ya kai ƙarshenta ba tare da ya kalli hoto ya yi cinke ba. Saboda haka kafin a tambayi farashi, a buɗe darasi na biyar ko na shida, a ƙirga kalmomin da suka fita daga wannan iyaka. Idan sun yi yawa, littafin na haddace ne, kome kyan bangonsa.

Zaɓi na farko shi ne littattafan Hausa da aka tsara bisa gaɓa, irin su Mu Karanta, wanda shirin inganta ilimi a Arewa mai suna NEI Plus ya samar da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, don makarantun Bauchi da Sakkwato, da kayan shirin koyar da karatu da lissafi na RANA da aka yi amfani da su a Katsina da Zamfara. A ganina waɗannan ne suka fi dacewa da yaron da Hausa ce harshen gidansu, kuma dalilin yana cikin rubutun boko kansa: kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta, gaɓoɓin kuma gajeru ne, ba, bi, bu, ko kuma bak da ban. Yaron da ya kama wannan dabara yakan fara karanta kalmar da bai taɓa gani ba, kuma ya san ma'anarta da zarar ta fito daga bakinsa. Matsalar ita ce an yi su ne don rabawa a makarantun gwamnati, don haka mai makarantar kuɗi sai ya bi ta hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ko ofishin ilimi na ƙaramar hukuma.

Na biyu shi ne Jolly Phonics, tsarin da ya fito daga Ingila kuma ya bazu a Najeriya, wanda yake koyar da sautuka 42 na Turanci a rukuni bakwai, na farkonsu s, a, t, i, p, n. Tsari ne mai kyau ga Turanci, harshen da rubutunsa da furucinsa ba su cika jituwa ba, kuma ƙananan littattafan karatunsa suna bin jerin sautukan sau da ƙafa. Sai dai akwai abu biyu da mai saye zai auna. Harafin p yana cikin rukunin farko, alhali Bahaushe bai bambanta shi da f ba a harshensa, don haka malamin da bai sami horo ba zai koyar da kuskure da ƙarfin zuciya. Sannan yaro yana iya furta "pin" ko "tap" daidai ba tare da ya san abin da ya faɗa ba. Wanda zai sayi wannan tsari ya ware kuɗin horar da malamai tun farko, in ba haka ba katunan da fastocin ado kawai za su zama a bango.

Akwai kuma labaran Hausa na kyauta a intanet, a African Storybook da Bloom Library, waɗanda ake iya bugawa a shagon kwamfuta. Yawancinsu an jera su ne bisa tsawo da wahala, ba bisa jerin haruffa ba, don haka sun fi amfani bayan yaro ya gama sanin baƙaƙe. A duba bugun da kyau, domin wasu na'urori sukan zubar da lanƙwasar ɓ, ɗ da ƙ, sai "ƙafa" ta koma "kafa".

Kowanne aka zaɓa, a sayi isassun kwafi yadda kowane ɗalibi, ko aƙalla kowane biyu, za su ɗora yatsa a kan layi, saboda amshi daga allo ba ya nuna wanda ya iya. A kuma fifita gajeren nassi wanda za a maimaita sau uku ko huɗu, malami ya riƙe agogo ya ƙirga kalmomin da yaro ya karanta daidai a minti ɗaya, ya rubuta adadin a gaban sunansa, sannan ya sake gwada shi bayan mako biyu.