NORMLEX: rumbun da ya sauƙaƙa min aikin ƙungiya

Ni sakatariyar ƙungiyar ma'aikata ce, kuma duk ranar da za mu zauna da shugabannin wurin aiki sai na leƙa NORMLEX, rumbun bayanai na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO. Kyauta ne.

A nan na fahimci yadda yarjejeniyar ƙwadago ta ILO ke samuwa. A babban taron ILO da ake yi a birnin Janiba kowace ƙasa mamba na tura wakilai huɗu: biyu na gwamnati, ɗaya na masu ɗaukar aiki, ɗaya na ma'aikata, kuma sai kashi biyu cikin uku na ƙuri'u sun amince. Ko bayan haka, ba ta hau kan ƙasa ba sai ƙasar ta rattaba hannu, sannan ta fara aiki a kanta bayan wata 12. Yarjejeniya ta 182 kan munanan ayyukan da ake sa yara, ta 1999, kowace ƙasa mamba ta amince da ita zuwa 2020.

Sashen da ya fi kwanta min a rai shi ne na sharhin Kwamitin Ƙwararru na ILO mai duba yadda ƙasashe ke aiwatar da yarjejeniyoyin, wanda aka kafa a 1926. Gwamnati ta kawo rahotonta, ƙungiyoyin ma'aikata su faɗi nasu, masana shari'a su auna. Wallahi ranar da na fara karanta shi sai da na ji ƙwarin gwiwa, don ashe kukanmu yana da inda ake saurarensa.

Burina ɗaya: rumbun da Turanci, Faransanci da Sifaniyanci yake, da ma a samu masu fassara mana muhimman sassansa.