Bakaniken da ya ce sai da asuba zai duba JCB ɗina

Motar haƙa ce da ni, JCB 3CX mai injin Perkins, ta tsufa sosai, tokunbo na saye ta. Da ita nake haƙa fandishan da ramin sokawe tsakanin Bukur da Barikin Ladi, da rani kuma in yashe wa manoman dankalin turawa kududdufansu. Duk wanda ya san Jos a watan Disamba da Janairu ya san irin sanyin asubarta. To bana tun shigowar hunturu motar ta soma min wani hali. Inji yana tashi lafiya, amma da ka taɓa liba sai famfon haidirolik, wato famfon da ke tura man da ke motsa hannu da bokiti, ya kama kuka kamar ana niƙan tsakuwa, hannun baya ya riƙa ɗagawa yana makyarkyata, sitiyari ma ya yi nauyi. Sai wajen ƙarfe goma, rana ta ɗaga, komai ya dawo daidai. Kullum awa uku na aiki suna tafiya a banza, ga direba da man inji suna cin kuɗi.

Na fara kai ta wani gareji da tsakar rana. Suka tayar, suka ɗaga bokiti sau biyu, suka ce famfo ya mutu, in kawo kuɗin sabo. Kuɗin da suka faɗa ya kusa cinye ribar wata uku. Wani abokin sana'a ne ya ce kada in yi gaggawa, ya haɗa ni da wani dattijo mai gyaran katafila a wajen Bukur, kuma shi nake son in ba da labarin aikinsa.

Da na kira shi na ce in kawo motar, sai ya ce: "A'a Alhaji, bar ta inda ta kwana, kada kowa ya tayar da ita. Ciwon safe da safe ake duba shi." Bayan sallar asuba sai ga shi a kan babur, da yaronsa da akwatin kayan aiki.

Kafin ya kwance ko noti ɗaya sai da ya yi min tambayoyi: wane mai na zuba, yaushe aka canza filta, idan ta yi zafi tana rasa ƙarfi? Na ce ba ta rasawa. Ya ce to a nan maganar famfo ta fara raunana. Famfon da ya ci ya cinye, in ji shi, da zafi yake nuna kansa, domin mai ya tsinke yana zurarewa ta cikin haƙoran da suka sude. Wanda ke kuka da sanyi ya yi shiru da zafi, yunwa yake ji, mai ne ba ya isa bakinsa. Wannan bayanin kaɗai ya fi min duk abin da na ji a wancan gareji.

Muka tayar, ya leƙa tankin man haidirolik da tocila: kumfa fal a saman mai. Ya ɗebo kaɗan a kwalba, kalarsa ta yi fari-fari kamar an zuba madara. Ya ɗiga a cokali ya ɗora kan wuta, man ya riƙa tartsatsi, alamar ruwa ke nan. Sannan ya nemi ganin jarkar da na sayo man. Mai lamba 68 ne. Laifina ne wannan, a Kano aka ba ni shawarar mai kauri saboda zafin Afrilu, na kawo shi Filato ban yi tunani ba. Lambar nan kaurin mai take nunawa a zafin digiri 40, kuma idan sanyi ya sauko kaurin yana ninkuwa sau da yawa, ya koma kamar zuma. Ya ce a yanayin Jos 46 ya fi dacewa da ita.

Abin da ya fi burge ni shi ne mesar da ke kai mai daga tanki zuwa famfo. A ido lafiyarta ƙalau, ko ɗigo babu. Ya ce ɓangaren zuƙo ba ya yoyon mai, iska yake sha. Ya shafa giris a bakin mahaɗar, nan take kukan ya sauya murya. Roba ta tsufa, sanyi yana sa ta ƙage, kilif ya saki. Da aka juye tanki aka zaro rariyar da ke ciki, rabinta ya toshe da baƙar laka, murfin shaƙar iska na tankin ma ya cika da ƙurar hunturu. Bai tsaya nan ba, bayan gyara ya ɗaura agogon awo ya gwada ƙarfin famfon da sanyi da kuma bayan mai ya yi zafi, ya nuna min allurar da idona. Famfon yana da sauran rai.

Ya kuma tsawata wa direbana da ya ga yana laluben yoyo da tafin hannu. Man da ke cikin matsi yana huda fata, ya ce a riƙa kara kwali.

Sai dai yana da nasa. Ba ya ajiye kayan gyara, ni na yi yawon neman mesa da filta kwana biyu, kuma in yana kan aiki ba ya ɗaga waya ko sau nawa ka kira. Rasit ma sai da na matsa ya rubuta min a takardar littafin makaranta. Mai gaggawa zai ji haushinsa. Amma kuɗin hannunsa da mai da mesa da filta duka ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin sabon famfo ba, tsohon man kuma ya sa aka tara a duro, bai yarda a kwarar a ƙasa ba.

Yau mako biyar ke nan. Da safe direba yana barin inji ya yi minti goma a hankali, ya motsa hannu da bokiti sannu-sannu kamar yadda dattijon ya koya masa, ƙarfe bakwai muna cikin rami. Na riga na yi masa magana ya zo ya duba silindar ƙafar hagu, wato ƙafar da ke tokare motar a ƙasa lokacin haƙa, da take sauka da kanta cikin dare.