Takalmin gwanjo mai wuya, bayan ya ci damina da rani a gandun Bachaka

Duk wanda zai shiga aikin sa-kai na dashen itatuwa a yankinmu, kafin ya nemi malafa ko gorar ruwa, ya fara da takalmi. Nawa na gwanjo ne, na fata, mai wuya, irin wanda ake zarge wa igiya har saman idon sawu. A babbar kasuwar Birnin Kebbi na saye shi. Ya ci damina ya ci rani a ƙafata, don haka na isa in faɗi alherinsa da aibinsa.

A gefen Bachaka muke aiki, cikin ƙaramar hukumar Arewa, dab da iyakar Nijar. Nan ne shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaddamar da kason Najeriya na shirin ganuwar itatuwa a 2014, shirin da Tarayyar Afirka ta amince da shi tun 2007 domin tare hamada daga Senegal har Jibuti. Jihohi 11 ya shafa a ƙasar nan, daga Kebbi zuwa Borno. Mu ba ma'aikatan gwamnati ba ne. Ni malamin firamare ne, cikinmu akwai manoma da 'yan makaranta, Asabar da ranakun hutu muke fita, kuma kowa da kayan jikinsa yake zuwa.

Mai rumfar da ya sayar mini ya ce, "Malam, wanga ba shi mutuwa, sai dai ka gaji da shi." Har da cewa na sojan Turai ne. Wannan kam zancen kasuwa ne, ko tambari babu a jikinsa. Amma na yaba masa abu ɗaya: ya bar ni na sa shi da safa mai kauri na zagaya layin, bai tsaya a kaina yana gaggawa ba. Bayan ciniki, kuɗin ya kusa ninka na takalmin roba mai dogon wuya sau uku.

Ƙaya ce ta sa na biya. Wanda bai taɓa shiga shingen itatuwa ba yana zaton inuwa ce da iska mai daɗi. Yawancin abin da ke jure wannan ƙasa mai ƙaya ne. Dakwara, wadda ake samun ƙaro a jikinta, tata ƙayar lanƙwasasshiya ce, wando take kamawa. Ta bagaruwa doguwa ce fara, ta aduwa kuwa ita ce mugunya, in reshe ya bushe ya faɗi yashi ya rufe shi, tsaye take jiranka. Da kambas na fara aikin, ta aduwa ta huda shi ta shige tafin ƙafata. Da wannan takalmin kuwa, in na dawo da yamma na kifa shi, sai in tarar da guntayen ƙaya sun karye a cikin tafinsa, ko ɗaya ba ta isa ga fata ba. Da ƙusa nake cire su.

A watan Yuli da Agusta, in ruwa ya zauna, aikin haƙa ramuka ne da dashe. Ka taka shebur da ƙafa, ka yaga ledar da aka reni ɗan icen a ciki ba tare da ka warwatsa ƙasar saiwarsa ba, ka sa shi, ka mayar da ƙasa, ka danne da diddige. Wuni guda kana wannan, mai siririn takalmi tafin ƙafarsa sai ya yi tsami. Nawa tafinsa na da kauri, ban ji shebur ba. Amma ruwa yana shigarsa ta wajen harshen, kuma in ya jiƙe ba ya bushewa a rana ɗaya. A nan na roba ya fi shi, ba gardama.

Sai dai damina gajeruwa ce a nan, aikin gaske na rani ne: ɗiban ruwa a jarka daga rijiyar burtsatse, ban ruwa layi-layi, gyaran shinge inda awaki suka ɓarke, da sharar busasshiyar ciyawa a zagaye kafin hunturu don kada gobara ta tsallako. Ranar da wuta ta taso daga wata gona muka fita da ɗanyen ganye muna bugu, masu takalmin roba ja da baya suka yi, don robar laushi take yi a kan toka mai zafi. Fata ta jure.

Akwai kuma maciji. Kububuwa ƙarama ce, launinta na ƙasa, tana kwanciya a gindin ciyawa inda hannu da ƙafa ke zuwa, dafinta kuma hana jini daskarewa yake yi. Ba zan ce takalmi maganin sara ba ne, amma fata mai kauri har saman idon sawu ta fi silifa nesa ba kusa ba. Dattijon da ke gadin wurin, wanda ya fi mu duka sanin dajin, da ya ga na cire shi na ajiye a gindin gawo sai ya ce, "Ɗana, kakkaɓe kafin ka mayar, kunama na son ɗaki irin wanga." Na ce, "To, Baba." Tun daga nan ko a gida sai na buga shi da ƙasa.

Yanzu aibinsa. A Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ƙafa dahuwa take yi a ciki kamar dankali a tukunya. Yana da nauyi, a cikin yashi mai zurfi kuwa nauyin ninkuwa yake. Ƙarangiya na manne wa igiyarsa da bakin safa, sai ka zauna kana tsincewa tana sokar yatsu. In azahar ta yi, abokan aiki sun gama alwala ni ina fama da kwance igiya, har ya zama abin tsokana. Babban abin haushin shi ne gam: zafin yashin bazara ya saki tafin ƙafar dama daga gaba, ya buɗe baki, dole na ɗaure shi da tsumma na ƙarasa wunin. Wani mai gyaran takalmi a Kangiwa ya ɗinke shi da zare mai kauri zagaye, duka ƙafa biyu, tun daga lokacin bai sake motsi ba. Shi ne ma ya ce in riƙa shafa masa man kaɗanya saboda hunturu na tsattsaga fata, kuma ya yi gaskiya.

Wanda dashen damina kaɗai zai zo, na kwana biyu a ɗauki hoto a watse (akwai su da yawa), ya sayi na roba ya huta. Wanda zai tsaya har rani, ya daure ya sayi na fata. Ya ƙara lamba ɗaya a kan wadda ya saba saboda safa, ya je kasuwa da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura. Ya lanƙwasa tafin da hannu biyu ya duba, in ya ga ƙananan tsaga ko robar tana marmashewa, ya ajiye komai kyan fatar, don gwanjo da yawa ya daɗe a dila. Kuma kada ya jira gam ya saki, daga kasuwa ya wuce da shi wurin mai ɗinki.