Kafin ka biya kuɗin manhajar tsara aiki, gwada ta da aikin hamak

A wani ginin ajujuwa da na kula da shi a Garwa, ruwan watan Agusta ya riƙe mu kwana 18 kafin a ɗora kwano. Jadawalin da ke kwamfuta ya matsar da rufi, ya matsar da fenti, amma layin mai gadi da na hayar janareto suna nan a kwana 90, yadda na rubuta da hannuna. Kuɗin ƙarin kwanakin daga aljihunmu suka fita, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Abin da na rasa shi ne aikin hamak. Hamak ragar nan ce da ake ɗaurewa tsakanin bishiyoyi biyu a kwanta. A jadawali kuwa, aiki ne da ba ka rubuta masa tsawon kwanaki: farkonsa a ɗaure yake da wani aiki, ƙarshensa da wani. Gadi yana farawa ranar haƙa tushe, ya ƙare ranar miƙa makulli. Idan makullin ya yi nisa, gadin ya miƙe da kansa, lissafin kuɗinsa ya bi shi. Ba ɗaya yake da layin taƙaitawa ba, wanda ke tattara ayyukan da ke ƙarƙashinsa kaɗai; hamak yana iya kama aiki daga kowane sashe.

Manhajar Primavera P6, ta kamfanin Oracle tun 2008, tana da nau'in aiki mai suna LOE (Level of Effort) da ke yin wannan kai tsaye. Tana da tsada kuma koyonta sai da zama, amma ga mai kwangilar hanya ko gada, kuɗin ba asara ba ne. Asta Powerproject ma tana da hamak nata.

Microsoft Project ce ta fi yawa a ofisoshinmu, kuma a nan nake so ka lura, ɗan'uwa. Ba ta da maɓallin hamak. Dabarar ita ce ka kwafi ranar farawar aiki na farko ka liƙa ta a gurbin ranar farawar hamak da mahaɗi, wato yadda za ta riƙa bin ta asali, ka yi haka da ranar gamawar na ƙarshe. Tana yi, sai dai mahaɗin ba ya son wasa: wani ya buga rana da hannu a gurbin, ya tsinke, jadawalin ya ci gaba da nuna tsohon lissafi.

ProjectLibre da GanttProject kyauta ne, kuma sun ishi mai gina shago ko rijiya, muddin zai riƙa duba layin gadi da hannu duk mako.

Ko wacce za ka ɗauka, ka sa mai sayarwa ya ƙara wa rufi kwana 10 a gabanka. Kar ka kalli rufin, kalli layin mai gadi da kuɗinsa ka ga ko sun motsa.