Wasiƙa Daga Bamingam: Tsohon Mashin Da Nake Haɗawa A Bayan Gida

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan Hajiya da yara da duk mutanen gida suna lafiya. An ce bana hunturu ya sauka Jos da wuri. Masu kukan sanyin Rikkos ka ce su zo nan su ga ubansa.

Hoton da ka gani gaskiya ne, kuma ban zautu ba. Ka tambaye ni dalilin da mutum zai tsallake teku neman kuɗi ya ɓige da kwance tsohon mashin a rumfar katako, ka kuma tambaya ko da gaske kayan gyaran nan sun fi na kasuwar Dilimi ta Jos. Gyara zama, zancen da ɗan tsawo.

Mashin ɗin Honda CG125 ne, ƙirar 1998, haɗin Burazil. Fam 450 na biya wani mutum da ya jingine shi a gareji shekara shida yana tara ƙura. Injin ka san shi kamar yunwar cikinka, domin da yawa daga cikin 'yan Caina da suka ratsa hannunka kwaikwayonsa ne. A 1975 Honda ta fito da shi saboda ƙasashe irin namu, bayan ma'aikatanta sun zaga kudu maso gabashin Asiya sun ga ana loda wa mashin iyali da buhuna, ba a canza baƙin mai sai inji ya fara kuka. Suka ƙera wanda zai jure wulaƙanci. A Ingila kuwa mashin ɗin 'yan koyo ne, tun 2008 ma aka daina kawo sabonsa.

Siffar da nake so in ba shi ta samarin Landan ce na wajejen 1950 zuwa 1960, masu taruwa a wani shagon shayi mai suna Ace Cafe. Sukan fige mashin su cire duk abin da ba dole ba, su sauke kai ƙasa har mutum ya kwanta a kan tanki, su sa sirdin mutum ɗaya mai ƙusumbi a baya. Burinsu gudun mil 100 a awa, wato kusan kilomita 160. Wasu ma injin Triumph suke ɗorawa a firam ɗin Norton su kira shi Triton. Nawa ko daga ƙololuwar duwatsun Shere aka gangaro shi ba zai yi wannan gudun ba. Kwalliyar kawai nake so.

Maganar kaya, a nan dole in sara wa Bature. Kowane noti yana da lambarsa. Ka shiga intanet ka rubuta ƙirar mashin da shekararsa, sai zanen injin ya fito ɓaro-ɓaro, ka taɓa abin da kake so, jibi ɗan aike ya zura maka shi ta ramin ƙofa. Ringi, fulogi, wayar kuloci, sarƙa, takalmin birki, duk haka suka same ni ina zaune. Da wata wayar birki ta zo gajeriya na mayar, aka dawo mini da kuɗina babu rantsuwa, babu kiran shugaban kasuwa. Na tuna ranar da ka aike ni Dilimi sau uku a kan kafireta ɗaya, mai shago yana dafa ƙirji wai orijinal ce, alhali kwalin ne kawai orijinal. Jabu akwai shi a nan ma, amma ba ya ɓoye kansa: za a jera maka na Honda, da na kamfanin da ya kwaikwaya da kyau, da na taka-haye, kowanne da farashinsa. In ka zaɓi na arha, kai ka so.

Har gwangwan suna da ita. A Stafford, tafiyar kusan awa ɗaya daga nan, ana baje kolin tsofaffin babura sau biyu a shekara, Afrilu da Oktoba. Tsofaffin Turawa ne tsugune gaban tarin ƙarafa masu tsatsa suna ciniki, sai ka rantse Farin Gada kake, masara gasasshiya ce kawai babu. Can na samo fitila mai zagaye da tsohon tanki dogo.

Tankin nan shi ya koya mini ɗaya ɓangaren ƙasar. Da na zuba fetur sai na ga yana tsatsafowa ta wani ɗan huji kamar bakin allura, dab da inda aka haɗa ƙarfen. Na yi dariya, na ce aikin minti goma. A gida ai sai a wanke shi da ruwan omo, a shanya, mai walda ya ɗiga masa wuta kana cin rake. Wuri uku na kai shi. Biyu suna jin ƙanshin fetur suka ce ba su taɓawa, wai inshorarsu ba ta yarda ba. Na ukun ya karɓa, ya ce in dawo bayan sati uku, ya rubuta mini takardar kuɗin da ya ninka abin da na sayi tankin. Na dawo bayan sati ukun na tarar da shi a inda na ajiye, ko juya shi ba a yi ba. Na ɗauko abina ina ƙunƙuni da Hausa. Ƙarshe wani ruwan liƙi na saya wanda ake zubawa a ciki a jujjuya ya bushe, na toshe hujin da kaina.

Abin da na gane ke nan, Yaya: a nan ƙarfe ne mai arha, hannun mutum ne mai tsada. Bakanike da awa yake caji. Garejin da ke kusa da ni fam 60 suka ce mini a kowace awa, ko ya gano ciwon ko bai gano ba, kuma sai ka yi rajistar rana kamar mai son ganin likita. Shi ya sa ba su cika gyara ba, canzawa suke yi. Abin da yaronka zai kwance ya goge ya mayar, su kwandon shara suke jefa shi. Shi ya sa kuma kowane mai sha'awar tsohon mashin ya zama bakaniken kansa a bayan gida. Ba ƙwazo ne ya yi musu yawa ba, aljihu ne.

Ɗaurin sifok ya fi ba ni haushi. Mai gyaran keke na bakin Masallacin Juma'a zai zare maka rim ya ɗaure ya daidaita kafin la'asar. A nan sana'a ce ta mutane ƙalilan, sai ka aika ƙafar ta gidan waya ka jira layi. Allah ya haɗa ni da maƙwabcina, wani tsoho da ya haura saba'in da biyar, wanda ya yi koyon aiki a masana'antar babura yana saurayi. Ya leƙo ta katanga ya gan ni ina kokawa, bai ce komai ba, ya koma ya fito da alli da wata 'yar sifana. Muka kafa ƙafar a kan benci, yana juyawa yana riƙe allin kusa da rim, duk inda alli ya shafa sai a sassauta wannan gefe a ɗaure wancan, rubu'in juyi kawai. Yana bugun sifok ɗin da sukudireba yana sauraro kamar mai ɗaure molo. Kwana biyu muka yi. Ladansa farantin dambun nama, wanda ya ci yana hawaye saboda yaji.

Wannan tsohon ne ya ba ni labarin garin. BSA, masana'antar babura, a da a unguwar Small Heath take, inda yanzu muke zuwa sayen naman halal, kuma akwai lokacin da babu kamfanin da ya kai ta yawan ƙera babura a duniya. Norton ma a nan Bamingam aka haife ta, Triumph a Coventry, Royal Enfield a Redditch. Japanawa suka zo da mashin mai tashi da bugu ɗaya marar ɗigar mai, kasuwar ta watse. Yau Royal Enfield a Indiya ake ƙera ta, Norton kuwa tun 2020 TVS ta saye ta. I, TVS ɗin nan dai da kake kwance kekenta kullum tunda aka hana acaɓa a Jos da Bukuru zamanin Gwamna Jang. Da na faɗa wa tsohon haka shiru ya yi, ya ci gaba da goge sifana.

Batun kafireta kuwa kai shaida ne. Bayan na cire akwatin iska na sa ɗan ƙaramin mataci don kyan gani, inji ya riƙa shaƙewa da an murɗa mai. Sati biyu ina karatu a intanet, kai kuwa ta WhatsApp ka saurara na daƙiƙa kaɗan ka ce, “Iska ta fi mai, ciro fulogi mu gani.” Ya fito fari fat. Ka ce sai ya koma launin soyayyar gyaɗa. Inda muka saɓa kawai, ka ce in sa siririyar waya in buɗe jet ɗin, wato ɗan ƙarfen nan mai huji da mai ke bi a cikin kafireta. Ni kuwa kwalin jet na saya, kowanne da lambarsa, na bi su ɗaya bayan ɗaya. Sai da na wuce girman da ka kintata, kuma na san dalili: Jos tana sama da mita 1,200 daga teku, iskarku ba ta da kauri, kunnenka da ita ya saba. Wani abin kuma, tun 2021 fetur ɗinsu na yau da kullum gauraye yake da sinadarin etanol har kashi 10, yana cin tsohuwar roba, dole na canza tiyon mai.

Takardu kuwa ba a magana. Gwajin lafiyar mashin duk shekara, haraji, inshora dole, kuma duk abin da na canza sai na shaida wa masu inshorar, in ba haka ba ranar tsautsayi su zame. Firam ban yanke ba, don yanke shi kan jawo wani sabon bincike. Mashin da ya shekara 40 ana ɗauke masa gwaji da haraji, nawa da sauransa. Ni kaina da takardar 'yan koyo zan hau, mai aiki shekara biyu: jan harafin L gaba da baya, ba hawa babbar hanya, ba goyo. Ka ji fa, ba goyo, a mashin ɗin da muke ɗaukar mutum uku da akuya. Hular kwano dole ce tun 1973, mabiya addinin Sikh masu naɗa rawani kaɗai doka ta ɗauke wa.

Saura sirdi, kuma a nan nake neman alfarma. Mai ɗinkin kujeru ya ce fam 180 da jiran sati biyar, kuma da ledar roba. Na ƙi. Na yanka soso da farantin ƙasa da kaina, na zana awon a takarda, zan turo maka hotonsa yau da dare. Don Allah ka shiga Naraguta wajen dukawa ka zaɓo mini fata mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, a yi mata ɗinkin layi-layi a kwance, tazarar yatsa biyu, kada a sa ado ko tambari. A bar rarar yatsa uku a kowane gefe don in samu abin ja. Ɗan gidan Kawu zai dawo karatu ƙarshen wata mai zuwa, a ba shi ya taho da ita.

In zai koma hutu zan ba shi sifana mai auna ƙarfin ɗauri ya kawo maka, da kwalin jet ɗin da suka rage. Sifanar tana yin ƙas idan noti ya kai inda ya kamata. Ka riƙe ta a hannunka, kada ka bar wa yaran gareji, na san da bututu za su ƙara mata tsawo. A gaida Hajiya, a ce mata ina sa rigar sanyi.